Muryar da Injiniya Ya Saya

Mijin ƙanwata ba injiniya ba ne, amma duk unguwa Injiniya ake ce masa, saboda tsani da naɗin wayar da kullum suke ɗaure a bayan babur ɗinsa. Aikinsa jan wayar intanet zuwa gidajen mutane. Ya hau falwaya, ya huda bango, ya kafa ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitilu, kuma ba ya barin gida sai fitilar ta koma koriya. Mutum ne mai kunya, ga 'yar in'ina. Ranar da ya zo neman auren ƙanwata, ni na riƙa ƙarasa masa magana.

Suna zaune a ɗaki biyu na haya da mahaifiyarsa, Inna, da 'yarsu ɗaya da muke ce wa Aku, don bakinta ba ya hutawa. Inna kan ce yarinyar ta haɗa rabon maganarta da na ubanta ta cinye.

Abin da zan faɗa, yawancinsa daga bakinsa na ji shi, a ranar ƙarshe da ya yi magana a duniya.

Da aka sayar da kamfanin da yake wa aiki, sababbin masu shi suka sallami ma'aikata, har da shi. Ya yi ta buga-buga abin bai tsaya ba. Ana haka tsohon shugabansu, wanda suke kira Oga, ya neme shi, ya kai shi wani bene a saman shagon tayil. Ɗaki ne dogo, labule a sake da rana tsaka, tebura an raba su da katako, kowane mutum da abin magana a kunne. Oga ya fito daga kamfanin da lambobin kwastomomi. Aikin shi ne a kira mutum da sunan kamfanin intanet, a ce masa ɓarayi sun shiga layinsa, a sa ya saukar da wata manhaja a wayarsa, sannan ya karanto lambar da banki zai turo masa. Kafin ya farga an share asusunsa.

Injiniya ya san aikin intanet fiye da duk waɗanda ke ɗakin, amma bai iya ƙarya ba. Da ya fara sai harshensa ya sarƙe, mutum ya kashe waya, wani ma ya haɗa masa da zagi. Abokan aikin suna ta sauya mota, shi yana komawa gida da kuɗin mai. Hakan ya ci masa rai fiye da sallamar da aka yi masa. Ba yunwa suke ba, ƙanwata tana ɗinki, ni ma ina taimakawa. Ganin na wasu ne ya hana shi sukuni.

Wata rana Oga ya ja shi gefe ya ce, "Kai matsalarka baki ce. Akwai mai gyara baki."

Wurin yana bayan wani fili da ake jibge matattun motoci. Ɗaki ne na kwano, rana tana shigowa ta hudojin ƙusa kamar allurai. Warin tsohon jini da turare ya cika shi. An ɗaura wata waya daga bango zuwa bango, an jera busassun harsunan dabbobi a kanta kamar shanya. Daga rufin kuma ƙananan kwalabe ne ke reto, an ɗaure bakin kowace da baƙar fata. Ba iska a ɗakin, amma kwalaben suna motsi, kuma idan ka saurara za ka ji kamar ana raɗa a cikinsu.

Bokan ba shi da kamar abin tsoro. Dattijo ne tsaf-tsaf, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa da zare.

"Me kake so?"

"I-ina so in na yi magana a yarda."

"Wa zai yarda?"

"Kowa."

Boka ya cire tabarau ya goge. "Kowa fa ka ce. Ni ban sa maka a baki ba."

"Nawa zan biya?"

"Ajiye kuɗinka. Jingina nake karɓa." Ya ciro kwalba ya miƙa masa. "Faɗa a cikin nan. Su wa suke yarda da maganarka tun kafin ka zo wurina?"

Injiniya ya janye hannu. "Baba, ni ba da jinin kowa na zo ba. In haka ne na fasa."

"Wa ya ambaci jini? Hannuna ba zai taɓa su ba, ba kuma zan aika musu da komai ba. In na saɓa, abin da ke ɗakin nan ya ci ni."

"To me za a yi musu?"

"Ni ba zan yi musu komai ba. Ƙofa a buɗe take, in ka fasa."

Ya ce mini ya daɗe yana kallon ƙofar. Yana hango babur ɗinsa a rana, sirdin duk ya yage. Sannan ya kai kwalbar bakinsa ya ambaci uwarsa, da matarsa, da 'yarsa. Boka ya tsaga masa ƙasan harshe da reza, ya ɗiga jinin a kwalbar, ya ɗaure bakinta, ya rataye ta cikin 'yan'uwanta. Ya ba shi wani baƙin ruwa mai ɗaci ya ce ya haɗiye kada ya tofar.

Washegari ya kira wata mata. In'inar ta tafi. Muryar da ta fito mai sanyi ce, mai nauyi, irin wadda kake ji ka ji hankalinka ya kwanta.

"Ranki ya daɗe, daga kamfanin intanet ne. Wasu sun shiga layin gidanku."

"Wayyo, ɗana, ni ina asibiti wurin maigidana. Gobe za a yi masa aiki."

"Allah ya ba shi lafiya. Shi ya sa ma nake sauri, kada su kai ga kuɗin aikin. Za ki ga saƙo yanzu, karanto mini."

Ta karanto. Har addu'a ta yi masa kafin ta ajiye waya, ta ce Allah ya raya masa zuri'a.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Ba wanda ya sake kashe masa waya. Alƙalai, likitoci, har ma'aikatan banki da ke gargaɗin mutane a kan irin wannan kira, duk sun karanto masa lamba. Ya sayi gida mai bene, ya sa wa Inna na'urar sanyaya ɗaki, ya kai Aku makarantar kuɗi. Da na tambaye shi sana'ar, ya ce kwangila ce, kuma na yarda nan take. Ban ko sake tunanin abin ba.

Inna tana da ciwon suga tun da daɗewa, kullum da allura. Wata safiya ta tare shi a bakin mota, tana dafe da bango.

"Ɗan nan, jikin nan nawa ya ƙi daɗi. Ko za ka kai ni a duba?"

Waya tana ta ƙara a aljihunsa. Ya dafa kafaɗarta, don ya kwantar mata da hankali kawai, ya ce, "Inna, lafiyarki ƙalau. Ba abin da ke damunki."

Fuskarta ta washe. Ta koma ciki ta tattara alluranta ta zuba a shara. Ƙanwata ta yi roƙo, ta yi kuka, Inna tana dariya tana cewa mai lafiya me zai yi da allura. Shi kuma ya yi tafiya, in an kira layinsa a kashe, don ba ya barin lamba ɗaya ta daɗe a hannunsa. Kafin ya dawo Inna ta faɗi a ɗakin girki. Ko a gadon asibiti, da ƙyar take buɗe ido, tana gaya wa nas cewa ɗanta ya ce lafiyarta ƙalau. Da wannan maganar ta cika.

Ya gane. Ya ce mini a maƙabarta ya gane, ana zuba ƙasa. Amma bai daina ba. Ya ce wa kansa zai riƙa kula da bakinsa a gida, shi ke nan.

Ƙanwata ba sakarya ba ce. Tunda ba ta iya musa masa in yana magana, sai ta koma sauraronsa daga nesa. Wata rana ya ɗauki aiki a gida, ta tsaya bayan ƙofa ta ji shi yana lallashin wani tsoho ya karanto lamba. Da ya fito ya same ta a falo, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

"Baban Aku, da wannan kake ciyar da mu? Da wannan Inna ta tafi? Kada ka ce komai. Don Allah kada ka ce mini komai. Zan ɗauki 'yata in tafi gidan Yaya."

Tsoro ya kama shi. Ya riƙo hannuwanta ya ɓamɓare su daga kunnuwan.

"Ki manta. Ki manta da komai."

Abin da ta ji kawai yake nufi. Ta tsaya tana kallonsa, hawaye bai bushe ba, ta ce, "Bawan Allah, gidan wa ne nan?"

Ya yi ta gaya mata sunanta, da nasa, da na 'yarta. Duk abin da ya faɗa sai ta gyaɗa kai ta yarda, amma kamar labarin wasu ake ba ta. In an jima ya zube. Ta manta ɗinki, ta manta hanyar banɗaki. Aku kan hau cinyarta tana ba ta labarin makaranta, ita kuma ta dube ni ta ce, "'Yar waye wannan mai surutu?" Muka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, aka kwantar da ita.

A nan ya yanke shawarar mayar wa boka da muryar. Sai dai ya ce bari ya yi kira ɗaya na ƙarshe, saboda jinya za ta ci kuɗi. Kuɗin da ke hannunsa ya ishi jinyar mutum goma, amma haka zuciya take yi wa mai kwaɗayi lissafi. Ya zauna a falo da hantsi, ya kira wata 'yar kasuwa. Da ya gama da ita sai ya rufe da maganar da suke rufewa da ita, don kada mutum ya yi saurin zuwa banki:

"Ki zauna inda kike. Kada ki yi magana da kowa sai kin sake jin muryata."

Bai san ranar ba a yi makaranta ba. Bai ga Aku a bayan kujera ba, ta lallaɓo za ta ba shi tsoro.

Daga nan shagona ya zo. Ya zauna a kan benci ya kwashe komai ya gaya mini, yana kuka, yana cewa, "Yaya, ka yafe mini." Na rufe shago na kai shi da kaina, na tsaya a bakin ƙofar kwanon ina jin su.

"Na zo in mayar."

"Ba a mayar da rabi. In na karɓa, da taka ta haihuwa zan haɗa."

"Karɓe duka."

"Ka tabbata ba ka bar wata magana a buɗe ba?"

"Ban bari ba."

Da ya fito, bakinsa yana motsi, ba abin da ke fita. Duk da haka fuskarsa ta saki, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Mun iso gida da la'asar. Mai aikin gidansa ta tare mu a rikice, ta ce tun hantsi yarinya take zaune bayan kujera, ta ƙi tashi, ta ƙi magana. Ita ta gaya mana abin da ta jiyo daga ɗakin girki. Aku tana zaune ta naɗe ƙafa, ta jiƙa kayanta. Da ta ga ubanta idonta ya yi haske, ta ɗaga kai tana jira.

Ya durƙusa a gabanta. Ya buɗe baki har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya girgiza ta, ya yi mata nuni da hannu. Ya lalubo tsofaffin saƙonnin muryarsa a waya ya kunna, sai shuu kawai ke fita. Muka juya a guje zuwa filin motocin. Boka yana wanke hannu, ya ce mun makara, wani daga benen Oga ya riga ya zo ya sayi muryar.

Sauran ba shi da tsawo. Jami'ai suka kai samame benen, aka ƙwace gidan da motocin, ya yi zamansa na kurkuku ya fito da furfura. Ƙanwata tana nan a asibiti, tana gaishe ni da ladabi kamar baƙo. Aku tana wurina. In an ɗauke ta ba ta gardama, in an ba ta abinci tana ci, amma inda aka ajiye ta nan za a same ta. Ta zama budurwa yanzu. Duk lokacin da waya ta yi ƙara a gidan sai ta juyo da sauri, ta kasa kunne.

Shi kuwa yakan zo ya tsaya a ƙofar gida. Na daɗe ina korarsa, daga baya na gaji. Yana shiga ya zauna a ƙasa kusa da ita, ta kalli bakinsa, ya sunkuyar da kai.

Ina faɗa muku wannan ne saboda benaye irin wancan ba su ƙare ba, kuma kullum akwai saurayin da ke hawa matakalar yana cewa na ɗan lokaci ne. Duk wanda ya ce zai ba ka dukiya kuma ba ya son kuɗinka, to ya riga ya ga abin da zai ɗauka a gidanka, kuma da hannunka zai sa ka miƙa. Ku ji tsoron Allah, ku ji tsoron kwaɗayi. Matar nan da ya damfara tana jinyar mijinta, da mijin nata, da tsohon nan, da sauran da ba mu san su ba, su ma suna da gidaje da 'ya'ya, kuma ba wanda ya je ya ga yadda suka ƙare. Ni namu kawai na gani, kuma kullum da safe ni nake ɗaukar Aku in kai ta inda rana take.