Allurar da Ba Ta da Tsini

Ƙarfe sha ɗaya na safiyar Talata aka kira Sufeto Marvin Dudek zuwa wani gidan renon yara a arewacin birnin Toledo. Wani yaro ɗan shekara uku, Theo, wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ya ci biskit ɗin abokinsa, numfashinsa ya sarƙe. Mai renonsa, Tamika Rollins, ta danna masa allurar gaggawa a cinya, amma ko gezau. Da ƙyar motar asibiti ta cim masa da rai.

Kafin yamma gari ya yanke hukunci: Tamika ce ta yi shirme. Ni ma, abin kunya, da bakina na faɗi haka a shagon aski. Iyayen yaron suka ce sai an kai ta kotu, an raba ta da aikin reno har abada.

Sufeto ya sami Tamika a ɗakin wasa, zaune a kan wata 'yar kujerar yara.

"Kin duba allurar kafin ki yi masa?"

"Na duba, yallaɓai."

"Me aka rubuta a jikinta?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban duba ba. Yaro yana mutuwa a hannuna, sunansa kawai na gani."

Ya juya allurar a hannunsa. Kamar ƙaton biro take, ga takardar kantin magani da sunan Theo a manne. Ya ɗaga gefen takardar da farce, sai ga rubutu a ƙasa: ta gwaji ce. Ba tsini, ba magani.

Shugabar gidan, Misis Grady, ta tarbe shi a ofis da kofi da rantse-rantse.

"Akwatin magani kullum a kulle yake. Mabuɗin ba ya barin jikina."

"Wannan da ke rataye bayan ƙofa fa, na gidan maƙwabta ne?"

Ta waiwaya ta kalli mabuɗin.

"Wa ke da allurar gwaji a nan?"

"Babu. Sai Nas Doreen, mai ba mu shawara kan lafiya. Ita ke koya wa ma'aikata allura, ta duba akwatin duk wata, ta sa hannu. Amma haba Sufeto! Doreen fa?"

"Yaushe rabonta da nan?"

"Farkon wata. To, ta leƙo ran Juma'a. Ba ta rubuta suna a littafin baƙi na ƙofa ba. Wa zai ce wa Doreen ta rubuta suna?"

Gaskiya ne. Shekara ashirin da shida Doreen Halvorsen tana zagaya gidajen reno, ita ta koya wa rabin garin nan wanke hannu. Sufeton kansa coci ɗaya suke zuwa, ta san shi tun yana ɗan sanda mai ba da hannu a titi.

Ran Laraba ya tarar da ita a gidan renon, ta zo, wai, ta sake horar da ma'aikata. Ka ji ƙarfin hali!

"Marvin, ka rame. Matarka ba ta dafa maka abinci ne?"

"Nas Doreen, kin zo nan ran Juma'a?"

"Ni? Tun farkon wata rabona."

"Buɗe mini jakar koyarwarki."

Ta buɗe a hankali. Gurbi shida ne na allurar gwaji, biyar a cike.

"Yara ne, ka san su da ɗauke-ɗauke."

"Yaro ne ya ɓare takardar magani ya manna ta daidai, ba karkata?"

Ta nemi kujera ta zauna. Ba ta sake kallon idonsa ba.

"Jikata za ta tafi yawon makaranta ran Asabar, tata allurar ta lalace, inshorar lafiyar uwarta kuma ta tsaya. Na ɗauki ta Theo, na sa ta gwaji a gurbinta. Na ce aro ne, Litinin zan mayar. Litinin ɗin yarinyar ta manto ta a makaranta. Na ce gobe."

"Da kika ji labarin Theo fa?"

"Na yi shiru."

"Kina ji ana zagin Tamika."

"Ina ji. Har aka tambaye ni, na ce yaran yanzu ba sa mayar da hankali wajen horo. Ni na faɗi haka, Marvin."

Bai sa mata ankwa ba. Ya ɗauki jakar, ya ce ta wuce gaba.

Tamika tana tsaye a baranda, ta ji komai. Doreen ta ja burki a gabanta.

"Ɗiyata, kin yi komai daidai. Yadda na koya miki."

"Jiya na je asibiti duba Theo," in ji Tamika. "Uwarsa ta sa masu gadi suka fitar da ni a gaban mutane. Na roƙe ta gafara, Nas Doreen. Har ƙasa na durƙusa."

Sufeto ya riƙe wa Doreen ƙofa, ta fita tana kare fuska da hannu.