Ƙarfen Labulen da Ya Faɗo wa Goggo

Ranar da ake jeren ɗakin Atika a Shagari, Maniru ya iso daga Bodinga da ƙarfen labule ɗaure a bayan babur. Sana'arsa ke nan, kuma ya iya ta. Mata sun cika ɗakin da surutu, sai aka ce ƙanwar amarya, Fiddausi, ta tsaya ta nuna masa inda ake so.

Tun da ta ce masa sannu da zuwa aikin Maniru ya lalace, shi ne dai bai sani ba.

Ƙarfen mai layi biyu ne, na baya na labule shara-shara, na gaba na mai kauri. Ya hau tsani, ya huda bango, ya ɗaura, ya zura labulaye. Rabin hankalinsa na kan mai miƙo masa kusoshi.

"Malam, Bodinga haka aka yi?" in ji Fiddausi. "Mai kauri baya, shara-shara gaba?"

Ya duba, kunya ta lulluɓe shi. "Wallahi ba haka nika yi ba. Yau an haɗa ni da mai taimako wadda ba a iya aiki kusa da ita."

Ta ja gyale ta rufe baki, amma dariyar ta riga ta fito. Ya gyara jerin, ya karɓi lambarta, wai ko labule zai nemi gyara.

Kafin ya kai gida saƙo ya tafi: "Fiddo, na iso lahiya, amma zuciyata ta ƙi hawa babur, tana nan wurinki."

Ta amsa: "Mai tsani, in ka zo ɗaukarta ka taho da tsaraba."

Wasa-wasa soyayya ta kama su da gaske, har Maniru ya tura baffansa neman izini wurin mahaifinta, Malam Lawali.

Abin da Maniru ya manta kuwa babba ne. Ɗakin Atika ginin ƙasa ne da aka yi wa yaɓen siminti da fenti. Kullum sai ya ƙwanƙwasa bango ya ji kukansa kafin ya huda, amma ran nan idonsa na wani wuri. Kusoshin nan yaɓe kawai suka kama, ga labule biyu masu nauyi.

A satin da baffa ya je, Goggo Altine, yayar Malam Lawali, ta kai ƙawayenta ganin ɗakin amarya. Ta kama labule ta ja da yanga, sai ga ƙarfe, ga labule, ga yaɓe, duk a kanta. Ba ta ji ciwo ba, amma sai da aka warware ta daga cikin labulen, ƙawaye na ta ƙunshe dariya. Wannan kuwa Goggo ba ta yafe shi da sauƙi.

"Yaron da bai iya kahwa ƙarhe shi tsaya, shi za ni ba ɗiyata?" in ji Malam Lawali. "A dakata."

Goggo ta ƙara gishiri, ta ce ga Abdulaziz mai shagon waya a Sakkwato, ya daɗe yana son Fiddausi, kuma bai taɓa jefo wa kowa ƙarfe ba.

Maniru ya ji labari, ya yi ɗif. Fiddausi ta yi kuka, don ta zaci ya gudu ne. Da ta gaji ta rubuta: "Mai tsani, shirunka ya hi maganar Baba yi min ciwo. Abdulaziz na tahe ran Jumu'a, Goggo har ta kama kazar da za ta soya mai. Ni kai nika so. In kana so na, taho."

Amsa ta zo nan take: "Kunya ta ta ɗaure ni, Fiddona, ba rashin so ba. Gobe ina nan."

Gidan Goggo ya fara sauka, ya durƙusa har ƙasa.

"Laihina na, Goggo. Ban ƙwanƙwasa bango ba."

"Mi ya hana ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗiyarku ta miƙo min kusoshi."

Goggo ta kau da kai da sauri, don murmushi na neman tona ta. Ta ce ya wuce su je, a gabanta zai yi aikin.

Da izinin mijin Atika ya kafa katako mai faɗi saman taga, ya huda bangon har waje, ya zura dogayen kusoshi masu noti, ya ɗaure su ta baya. A jikin katakon ya ɗaura maƙalan ƙarfen, ya gwada ya ga babu karkata, sannan ya jera labulayen. Malam Lawali na tsaye bakin ƙofa yana kallon aikin. Fiddausi na kicin, addu'a kawai take.

Goggo ta ɗaure zani, ta kama labulen da hannu biyu. Ita kuwa ba ƙaramar mace ba ce. Ta ja, ta sake ja, har ta ɗan yi lilo. Ƙarfe ko gezau.

"Lawali," ta ce tana haki, "kazar nan wanga yaro za a soya ma."

Malam Lawali ya juya wurin Maniru. "Da yawa in sun ɓata aiki ba a sake ganinsu. Ce ma baffanka shi dawo."

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure. Goggo da kanta ta rako amarya Bodinga, tana gaba tana guɗa. Da ta damƙa hannun Fiddausi a na Maniru, sai ta share ido da bakin gyale.

"Ga ta nan, amana ta. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari, shi sa mutuwa kaɗai ta raba."

Ɗaki ya amsa da amin. Fiddausi na kuka a ƙarƙashin lulluɓi, amma hannun Maniru ta riƙe gam.