Mai Gilas da 'Yar Lauje

Ranar da saurayin ya fara shigowa shagon wuƙaƙen babanta, Auta na sunkuye a kan tebur tana goge ƙotar wata wuƙar kicin da samfefa, ƙurar katako ta yi mata fari fat a gira. Ya yi sallama, ya ajiye wani ɗan kwali a gabanta a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Sai da ya zura farar safar hannu sannan ya buɗe.

"Malam, wuƙa ce ko jariri?" ta tambaye shi.

"'Yar Lauje ce," ya ce. "So nake a duba min tambarin, ko na gaske ne."

'Yar Lauje wuƙar aljihu ce mai naɗewa, bakinta a lanƙwashe. Baban Auta ne ya ƙirƙiro ta tun kafin a haife ta, saboda masu lambu da dukawa da masu shimfiɗa kafet. Ya yi shekaru da daina ƙera ta. Daina ƙerawar ce kuma ta jawo mata farin jini wurin masu tara wuƙaƙe, suka bi lungu-lungu suka saye ta daga hannun masu aiki, suka jera a durowar gilas suna kallo. Wannan saurayin, malamin lissafi ne, shi ne ma shugaban guruf ɗinsu na waya.

Auta ta ɗauki wuƙar da hannunta mai ƙura, ta buɗe ta da babban yatsa, ta fere gefen wani katako da ita.

"Ta gaske ce."

Saura kaɗan ya sume. "Kin yanka abu da ita! Ba a taɓa yanka komai da ita ba!"

Dariya ta kama ta har da hawaye, shi kuwa ya tsaya yana kallon wushiryarta, ya manta da wuƙa. Daga ranar ta raɗa masa suna Mai Gilas, sunan ya bi shi.

Mutumin da ya zo duba tambari ɗaya sai ga shi kullum a shago da sabuwar tambaya. Ba a jima ba saƙonni suka fara gudu a tsakaninsu.

"Autata, na tsaya gaban allo zan rubuta lissafi, na samu kaina ina zana girarki da ƙurarta. Ɗalibai sun ce Malam lafiya?"

"Mai Gilas, ka kiyaye ni. Ni ba a jera ni a durowa, aiki nake yi."

"To ki zo ki yi aiki a zuciyata, duk ta dakushe."

Baba dai bai taɓa sakar masa fuska ba. Akwai ƙa'idar da ya kafa tun buɗe shagon: duk wuƙar da ta fita daga hannunsa, in ta dakushe a dawo da ita a wasa kyauta, har abada. A da nan yake ganin 'ya'yansa, kamar yadda yake kiran wuƙaƙen. Tun da masu tarawa suka kwashe su, ko ɗaya ba ta sake dawowa ba.

"Mutumin da ke binne wuƙa da ranta," in ji Baba, "me zai yi da 'yar mutane?"

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Lanƙwasar 'Yar Lauje da hannu ake fitar da ita a kan dutsen inji, ba ma'auni, ba abin dafawa, sai wuyan hannu. Hannun Baba na dama kuwa ya fara rawa. Shi ya sa ya daina. Ya rantsar da Mama da Auta kada kowa ya ji, duk wanda ya tambaya sai ya ce ya gaji da ita ne kawai. Auta ta iya ƙota, ta iya wasa baki, amma lanƙwasar nan ta gwada ta gwada ta gagare ta.

Don haka duk sanda Mai Gilas ya ɗauko zancen dawo da ƙera wuƙar, sai ta katse shi.

"Don Allah ka bar maganar nan."

"Haba Autata, mutane nawa ke kuka a guruf? Baba bai san yadda ake son sa ba ne. Ranar da ya gani da idonsa, wallahi har ke sai ya ba ni."

"Na ce ka bari."

Ya ɗauka kunya ce irin ta 'ya da uba. Ita kuma rantsuwa ta ɗaure mata baki.

A cikin guruf ɗin akwai wani da ake kira Dillali, mai sayar da wuƙaƙen kamfani. Ya daɗe yana zawarcin tambarin Baba don ya buga a kan na inji, ya kuma daɗe yana kawo wa Auta turaren da take miƙa wa maƙwabta. Shi ya fi kowa zuga Mai Gilas a tara jama'a a yi wa Baba ba-zata.

Wata safiya Auta ta dawo daga sayo manne ta tarar shagon ya cika maƙil. Maza da kwalaye a hannu, suna tafi suna kirari. Mai Gilas na tsakiya fuskarsa kamar gonar auduga, ya miƙa wa Baba ɗanyen ƙarfe.

"Baba, guda ɗaya tak. Mu dai mu ga yadda ake yi."

Da Baba ya ce a'a, da an wuce wurin. Amma maƙerin da ake wa kirari a gaban jama'a, ina zai iya cewa ba zan iya ba? Ya tuɓe agogo, ya kunna inji, ya zauna.

Kafin Auta ta kutsa ta isa wurinsa, har ya ɗora ƙarfen a kan dutse.

Tartsatsi ya tashi. Ƙarfen ya fara kwanciya yadda ake so, har wani ya yi kabbara. Sai hannun ya ɗauki rawa. Ƙarfen ya yi tsalle a kan dutse, ya koma, ya sake tsalle, ya kufce ya tsarge masa yatsa. Aka kashe inji, shagon ya yi tsit. Hannun nan kuwa ya ci gaba da kakkarwa a kan cinyarsa, kowa na gani.

"Ku fita," in ji Baba, ko ɗaga murya bai yi ba.

Ashe wani ya ɗauki bidiyon abin, kafin la'asar ya zaga wayoyi, da rubutu a ƙasa cewa hannun tsoho ya mutu, a miƙa tambari ga masu iyawa. Garin neman gira an rasa ido.

Baba ya shige ɗaki ya daina fita. Mutumin da bai taɓa fashin shago ba ya koma zaman gado yana kallon bango, hannun a cikin bargo. Da Auta ta kai masa abinci, bai dube ta ba ya yi magana.

"Ba zan miki dole ba, Auta. Ki kawo duk wanda kike so. Amma wancan malamin, in dai ina numfashi, kada ya sake taka ƙofata."

Ta koma ɗakinta ta rubuta wa Mai Gilas saƙo.

"Na roƙe ka ka bari ba ka bari ba. Ka tona wa ubana asiri, bai ishe ka ba sai da ka ɗauka ka watsa wa duniya. Ka riƙe wuƙaƙenka, su ka fi so. Kada ka sake nema na."

Amsa ta shigo nan take.

"Wallahi ban sani ba, Autata. Ba ni na ɗauka ba. Amma ni na ba shi ƙarfen, ba ni da bakin kare kaina. Ki yafe min ko ba za ki sake duba na ba."

Ta toshe lambar, ta kifa kai a filo ta yi kuka mai cin rai. Tana jin haushinsa, tana kuma son sa, abin da ya fi ƙona ta ke nan.

Makonni suka shuɗe gidan kamar an yi mutuwa. Auta ke buɗe shago ita kaɗai, ta rame har zobenta na zamewa. Dillali ya samu ƙofa, kullum yana falo da ledar 'ya'yan itace yana jajantawa, yana lallaɓa maganar tambari, yana haɗawa da ta aure. Baba ya fara cewa to, a bari ya yi tunani.

Mama ce ta tare ta a kicin wata rana.

"Ke kin kalli bidiyon nan kuwa?"

"Allah ya kiyaye, Mama."

"Ni na kalla, na sake kalla, don mijina ne. Yaron nan yana ciki, a durƙushe, ya tuɓe rigarsa ya naɗe yatsan babanki da hannu biyu. To da wane hannun ya riƙe wayar? Kuma wa kika ji yana dariya a bayan kamarar?"

Auta ta karɓa ta kalla. Dariyar Dillali ce, ko a mafarki ta san ta. Da Baba ya ji, ya sa aka mayar wa Dillali da ledarsa, amma game da Mai Gilas bai sauya ba.

"Wancan mugu ne, wannan wawa. Wawan ne ya zaunar da ni a kan inji."

Auta ta buɗe lambar Mai Gilas, ta rubuta masa kalma biyu: "Na gani." Bai roƙi komai ba. Ya dai tambaye ta abu ɗaya, su wa Baba ya yi wa wuƙar tun asali.

Bayan wani lokaci wani mai lambu ya shigo shago, ya ajiye 'Yar Lauje a tebur, bakinta duk ƙaron itace.

"Wani malami ya ba ni kyauta. Ya ce in yi aiki da ita kada in tausaya mata, in ta dakushe in kawo nan."

Washegari baduku ya zo da tasa. Sai mai shimfiɗa kafet, sai wata mata mai saƙar kwando. Auta ta gane kowacce, ta sha ganin hotunansu a jere cikin gilas. Abin da ya tara tun yana ɗalibi, ya rabar da shi kakaf.

Ta tattara su a tire ta kai wa Baba ɗaki. Ya daɗe yana kallo. Can ya fito da hannun daga bargo ya ɗauki ɗaya, ya shafa bakin da babban yatsa.

"Wannan fata ta yanka. Mai ita bahago ne." Ya ɗauki wata. "Wannan kuma wani ja'iri ya buɗe gwangwani da ita." Ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka. Auta ba ta taɓa ganin hawayen ubanta ba sai ranar.

Da safe ya saka riga ya bi ta shago. Ita ke wasawa, shi yana zaune gefe yana cewa kwantar, ɗaga kaɗan, ya isa. Da suka gama ya ce a kira masa yaron.

Mai Gilas ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya faɗa sosai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Baba ya jawo durowa ya ciro wani ɗan guntun ƙarfe, tambarin da ake bugawa a gindin kowace 'Yar Lauje.

"Malam, ka dube ni. Hannuna ya tafi, ba zai dawo ba. Wuƙar ma haka. Muddin wannan abu na nan, wani zai zo ya buga shi a kan ƙarya bayan raina. Ni ba zan iya riƙe shi a kan dutse ba. Kai ka fi kowa son ta dawo, kai za ka goge shi."

Mai Gilas ya dubi tambarin, ya dubi Auta. Shekarunsa na samartaka kaf a kan burin nan suka ƙare. Ya tashi ya karɓa. Auta ta kunna masa inji, ta nuna masa yadda zai tsaya. Ya danna ƙarfen a dutse, tartsatsi na zuba a kan takalminsa, hawaye na zuba a kan rigarsa, har fuskar tambarin ta koma sumul.

Ya miƙa wa Baba. Baba ya shafa, ya jefa a kwandon tarkace.

"Ka gaya wa mutanenka an gama. Sannan ka turo min manyanka."

Mutanen nasa ba su yafe masa ba. Suka ce ya ci amanar tarihi, suka cire shi daga guruf ɗin da ya kafa da hannunsa. Ya tura wa Auta saƙo.

"An kore ni, Autata. Durowa ta zama fanko, ni ma haka. Ki zo da wuri."

"Ina zuwa, angona. Kada ka sayar da durowar, kofuna zan jera."

Ranar ɗaurin aure falon gidan ya cika da dangi da maƙwabta, har da mai lambu da baduku. Da aka zo addu'a kowa ya ɗaga hannu, Baba ya ɗan yi jim. Sai ya ɗaga nasa duka biyu a gaban jama'a, na daman na rawa kamar ganye, bai sauke ba.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Malam, ga Auta nan. Ita ce aikin hannuna na ƙarshe da ya fita daidai, ka riƙe min ita da kyau."

Ango ya matso ya tallafi hannun da nasa biyu, aka shafa tare.