Tafintan Kaka

Ranar da Nas ta fara ganinsa, tambaya uku ta yi wa tsohuwar da ke zaune a bakin gadon gwaji, duk ukun shi ya amsa. Tana samun barci? Sosai. Tana cin abinci? Har da ƙari. Ina ke mata ciwo? Babu, jiri ne kawai. Tsohuwar kuwa ta ƙudundune cikin mayafi tana kallon silin kamar ba da ita ake ba.

Nas ta ajiye biro.

"Malam, kai ne marar lafiyar?"

"Jikanta ne."

"To jika, ga benci can a waje."

Ya fita yana waiwaye, dogo da shi, da ƙurar alli a hannun riga. Nas ta ja labule, ta zauna a 'yar kujera, ta sake gaisuwa daga farko. Ta murza tafukanta suka yi ɗumi, ta nemi izini kafin ta kama wuyan hannun tsohuwar. Ta auna jini a kwance, ta sake aunawa a tsaye, ta ga ya sauka. Harshe kuma a bushe ƙamas. Sai da ta yi tambaya sau biyu cikin raɗa kafin Kaka ta fasa ƙwai: wata uku ke nan fitsari na kufce mata, shi ya sa ta rage shan ruwa, gudun jin kunya a gaban jikoki.

"Ki rufa min asiri, 'yar nan. Ko shi kada ya ji."

Nas ta ce daga ita sai likita da mai ba da magani, a nan maganar za ta tsaya.

Aka sa wa Kaka zuwa duk mako biyu, jikan kuma bai taɓa fashi ba. Malamin lissafi ne a wata sakandare, kuma har yanzu bakinsa kan riga na kowa, don haka Nas ta raɗa masa Tafinta. Da sunan tuna ranar dawowa ya karɓi lambarta. Saƙonsa na farko bai ko ambaci Kaka ba.

"Sarauniyar labule, tun da kika harare ni zuciyata ke bugun ɗari da ashirin a minti. Me likitanci ya ce?"

"Ya ce a rage shayi."

Ta tura, ta kife wayar, sai ta kama kanta tana murmushi, abin ya ƙara ba ta haushi. Kafin wata biyu ita ma ta fara duba waya a lokacin hutu.

Matsala ta taso ne ranar da ya matsa sai ta gaya masa abin da ke damun Kaka. Ta ce ya tambayi mai jikin. Ana cikin haka ya hango ta a tagar magani suna ƙus-ƙus da mai maganin asibitin, wanda kowa ya san shekara biyu yana bibiyarta, tana karɓar wani ƙunshi da aka naɗe a takarda. Da yamma saƙo ya shigo.

"Ashe mai magani ya isa ya san ciwon kakata, ni jininta ban isa ba. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Nas ta karanta sau uku. Ta rubuta amsa mai tsawo, ta goge. Yaya za ta wanke kanta ba tare da ta tona tsohuwa ba? Mako biyu ba kira ba saƙo. Ta riƙa huce haushinta a kan wata durowar asibiti da ke yawan maƙalewa.

Kaka ce ta gaji da ganin fuskoki a murtuke. A gaban Nas ta sa aka kira shi daga benci, ta ce ita ta hana a faɗa, kuma har gobe ba za a faɗa ba, tunda jikin nata ne. Ta ƙara da cewa namijin da ya samu mace mai iya riƙe baki yana fushi, shi ya kamata a duba wa kai. Tafinta ya yi ta sosa ƙeya.

"Ki yafe min, sanyin idona," ya ce da ƙyar.

"Zan duba," ta ce, tana ɓoye dariya a bayan fayil.

Da maganar aure ta taso, sai kuma ga Umma, mahaifiyarsa. Ta ce ba ta da ta cewa a kan halin yarinya, amma macen da aikinta taɓa jikin mazan mutane ne ba za ta shigo mata gida ba. Nas ta ji kamar ta cire hula ta jefar. Duk da haka ranar hutu ta shirya ta je gaisuwa.

Umma ta amsa a daƙile. Baba, mahaifin Tafinta, na kishingiɗe a kujera yana cewa lafiya lau, amma sai ya tsaya jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Idon Nas ya ƙi zama wuri ɗaya. Ta ga ya take bayan takalmi, ta ga shatin safa ya nutse a ƙafar da ta kumbura. Ta ce a ranta, wannan gida dai gadon ɓoye ciwo suka yi.

Ba ta matsa kusa da shi ba. Ta bi Umma kicin da kofuna, ta tambaye ta a hankali, da filo nawa Baba ke kwana.

Umma ta tsaya cak da soso a hannu. "Uku. Kwanan nan ma a zaune yake kwana. Wa ya gaya miki?"

"Ƙafarsa, Umma. A kai shi asibiti yau, kada a bari sai gobe."

Ta koya wa Umma yadda za ta danna ƙaurinsa da yatsa ta ga ko ramin zai daɗe bai cike ba. Ya daɗe. A ranar aka tafi asibiti. Nas ta nemo abokin aikinta namiji ya duba shi, ita ta tsaya bayan labule tare da Umma tana yi mata bayanin kowane gwaji. Likita ya ce zuciya ce ta gaji har ruwa ya fara taruwa a huhu, kuma an zo a kan gaɓa.

Kwana shida Umma na jinya tana kallon yadda ake aikin: sallama kafin a ɗaga labule, izini kafin a ɗaga riga, zane a kan duk inda ba a dubawa. Ba ta ce ta yi kuskure ba. Ranar da aka sallami Baba dai ta tambayi ɗanta wai me yake jira, sai wani ya riga shi?

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure, Baba na zaune da takalminsa a sanye sosai. Amarya ba ta gama zama ba gwaggwanni suka yi mata layi, wannan gwiwa, waccan ƙugu, wata ma ta zo da jakar magunguna a duba mata. Nas ta rufe ido tana neman haƙuri a inda ya rage.

Umma ce ta ratso su, ta tsaya a gabanta.

"Asibiti na buɗe ranar Litinin. Yau 'yata ce, ku bar min ita ta huta."

Ta gyara mata mayafi, ta dafa kanta, ta ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su masu jin ƙansu kamar yadda amarya ta ji ƙan nasu iyayen. Ɗakin ya amsa da amin, muryar ango ta fi ta kowa.