Kwalbar Wiski a Masaƙar Uttley

Ƙarfe takwas na safiyar wata Litinin, cikin Nuwamban 1928, mai kula da rumbun ulu na Masaƙar Uttley ya tarar da maigidansa, Caleb Uttley, kwance a gindin matakala, wuyansa a karye. Kusa da hannunsa akwai kwalbar wiski, babu ko ɗigo a ciki.

Sufeto Midgley ya iso ana yayyafi, tare da sajansa da likita. Ya durƙusa ya taɓa kwat ɗin mamacin. A jiƙe take, tana warin barasa.

"Tun jiya da rana ya mutu," in ji likita. "Wannan jiƙon kuwa bai fi awa uku ba. Gawa ba ta sha, Sufeto, sai dai a yi mata wanka."

Babu wanda bai san gidan Uttley ba a wannan kwari na Yorkshire. Kakan Caleb, Jabez, ya fara saƙa da hannu a ɗakin sama, kuma ya gina cocin Methodist na garin tun yana zaman haya. Ɗansa Enoch ya kawo injin tururi da ma'aikata ɗari uku. Jabez ya bar dokoki biyu. Ba a saƙa sunan Uttley a gefen yadin da ba ulu zalla ba. Wanda kuma ya karya alkawarin ƙaurace wa barasa, ba a binne shi cikin dangi a harabar cocin.

A ofis Sufeto ya sami Hilda, 'yar mamacin.

"Babana yana shekara bakwai ya sa hannu a takardar alkawari," ta ce. "Yanzu Baffa Amos ya ce maƙabartar gari za a kai shi. Jibi ne jana'iza, Yallaɓai."

Amos yayan Caleb ne, shi ke kula da ɗakin saƙa, shi ke wa'azi a cocin.

"Yaushe rabonka da shi?" Sufeto ya tambaye shi.

"Sujadar safe, jiya."

"Kun yi sa'insa?"

"Ba ma sa'insa ranar Lahadi."

"Ka san yana sha?"

"Abin da ke zuciyar mutum sai Ubangiji."

Sufeto ya koma rumbun. Bayan matakala an jera dila goma sha biyu, an farke ɗaya da wuƙa. Ba ulu ba ne a ciki. Tsofaffin tsummoki ne da aka niƙa.

"Asabar suka iso," in ji mai kula da rumbun. "Maigida Caleb ya ce za a riƙa gaurayawa, tunda rabin injuna a tsaye suke. Ya ce kar yayansa ya ji."

Mashaya ɗaya ce a garin, kuma tambarinta ne a jikin kwalbar. Mai ita, Misis Tordoff, tana goge kofuna.

"Tun zamanin uwata babu Uttley ɗin da ya tsallake ƙofar nan," ta ce.

"Ta gaba ko ta baya?"

"Ba na sayarwa kafin lokaci, ka sani."

"Ba lasisinki ya kawo ni ba. Amma yana iya kawo ni gobe."

Ta ajiye kofin.

"Shida saura na safiyar yau, ta baya. Hula a hannu kamar mai neman aure. Ko sunan barasar bai sani ba. Wai, 'Ba ni irin wadda ke kayar da mutum.' Ya riƙe kwalbar da hankici kamar mushen ɓera."

"Wa?"

"Wanda ya shekara talatin yana aika ni wuta daga kan mumbari."

Sufeto ya sami Amos a cocin yana jera littattafan waƙa. Ya faɗa masa abin da matar ta ce. Amos ya ƙarasa jerin, sannan ya zauna.

"Bayan sujada na bi shi rumbun. Na farke dilar. Na ce sunan kakanmu ba zai hau tsumma ba. Ya ce suna ba ya ciyar da mutum ɗari uku. Muna saman matakala. Na ture shi."

"Kwalbar fa?"

"Don a ce faɗuwa ya yi."

"Ka san inda hakan zai sa a binne shi."

"Na sani."

Sufeto ya rufe littafinsa. "Abu ɗaya ne ban gane ba. Mashayar na buɗe jiya da yamma. Da jiya ka saya, da kwat ɗin ta bushe, da likita bai lura ba. Me ya sa ka jira gari ya waye?"

Amos ya dube shi da mamaki na gaske.

"Jiya Lahadi ce, Sufeto. Ba ma ciniki ranar Lahadi."

Sajan ya sa masa ankwa. Suka fito ta harabar cocin. Hilda na tsaye cikin ruwan sama tana nuna wa mai haƙa kabari wuri kusa da na kakanta Enoch. Ba ta waiwayo ba.