Isha a Bukit Jalil

Mu uku muka tsara tafiyar: mu ɗauki mota mu zaga filayen ƙwallon Malesiya, muna kallon gari a hanya. Shafi'u bai ga ko ɗaya ba, zazzaɓi ya yi ajalinsa ana gab da tashi. Ni da Adnan muka yi ta, daga Penang muka bi ta Ipoh.

Mun iso Bukit Jalil, filin ƙarshe, an kashe fitilu, wurin ajiye motoci wayam.

"Ja mu Isha, mutumina," in ji Adnan, wanda "lah" ɗin 'yan Malesiya ba ta barin bakinsa. "Gajeriyar sura don Allah, na gaji lah."

Ya tsaya a damana, tunda mu biyu ne. Ina cikin Fatiha sai kafaɗarsa ta rabu da tawa, ya ja baya kamar wanda aka taɓa don a yi sahu. Ban ji takun kowa ba. Da na kai ƙarshe, amin biyu suka tashi a bayana. Ɗayar tana da dushewar muryar nan ta Shafi'u da na sani tun muna yara a Gwammaja.

Na ɗauko sura mafi tsawo da na haddace, ina kuka, don kada mu kai ga sallama.