Gidan Ƙasa a Tudun Yagwa

A filin makarantar da aka tsugunar da waɗanda ambaliyar kogin Logon ta kora daga gidajensu a Yagwa, nan Jibril ya fara ganin Hansai tana raba wa tsofaffi kunu. Daga Garwa aka turo shi ya tsara musu sabuwar unguwa a kan tudu. Ta miƙo masa kofi, ya tsaya kallonta har kunun ya huce.

Kafin kaka sun shaƙu. Kullum sai ta biyo ta shantiye, wurin aikinsa, ya nuna mata magudanan ruwa, da layin darbejiya, da bulon jar ƙasa da ake matsawa da inji.

"Ɗakinki zai yi sanyi ko a tsakiyar bazara, Hasken Idona."

Amma da magana ta je gaban mahaifinta, Alhaji Mahmudu, sai ya miƙe tsaye.

"Katangar ƙasa ce ta danne uwarta Kaltumi a gabana! Ba zan ba mai ginin ƙasa 'yata ba. Ga Hamadu ɗan ƙanena, gidansa siminti ne."

Jibril ya san ba ƙiyayya ce ke magana ba. Ya daina cin abincin kirki. Ana haka Hamadu ya baza cewa Jibril zai gudu garin Poli da Odette, abokiyar aikinsa. Saƙon Hansai ya shigo:

"Idan tafiya za ka yi, faɗa min da bakinka. Baba ya ce bayan damina za a ɗaura. Na gaji da kuka, Jibril."

Nan take ya rubuta mata:

"Odette ce kaɗai za ta tafi. Wallahi ba inda za ni, Hasken Idona. Ki ƙara min haƙuri."

Ya je ya durƙusa a gaban Alhaji.

"Baba, ba na roƙon ka yarda da ni. Ka zo ka zauna a ɗakin da na gina ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi."



Wata Juma'a hadari ya haɗu baƙi ƙirin, sai ga Alhaji da sandarsa. Ruwa ya kece. Ya zauna a tsakar ɗaki, tafinsa dafe da bango, leɓunansa na motsi. Jibril na tsaye a bakin ƙofa. Ruwan ya zubo daga doguwar rumfar kwano, ya wuce harsashin dutse, ya bi magudana ya gangara.

Da aka ɗauke ruwan, Alhaji ya share fuskarsa.

"Da a irin wannan Kaltumi take…" Ya dubi Jibril. Can ya ce, "Turo magabatanka."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura, duk unguwa ta fito. Alhaji da kansa ya riƙo hannun Hansai har bakin ƙofa.

"Ga amana, Jibril. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka."

Hansai na kuka tana dariya, ta ce amin.